Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin direbobi da masu motocin haya, daga Ngaundare zuwa Kuseri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobi da masu motoci, Alhazai da Hajiyoyi masu motoci, da 'yan'uwana direbobi, ina gaishe ku da aiki. Allah ya sauke kowa lafiya a duk inda ya nufa. Ni bakanike ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Tun ina yaro mai miƙa sifana nake cikin gareji, yau ga furfura ta fito mini a gemu. Da yawanku kun san fuskata, don motocinku sun sha kwana a gabana da inji a buɗe. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma akwai maganar rashin kula da inji da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga idan na ci gaba da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya a bakin gareji, bayan aikin gama ya gama, ba za ta amfani kowa ba.

Cikin watan Afirilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, aka janyo mini wata Hiace daga hawan falez, dutsen nan da ake haurawa kafin a kai Ngaundare. Da safe ta tashi daga nan za ta Ngaundare, cike maƙil da fasinja, kaya a sama sun kusa tsayin motar kanta. Ta wuce Ngong, ta wuce Guna, ta wuce Mbe. Tana tsakiyar hawa sai inji ya fara ƙwanƙwasa kamar maƙeri na dukan ƙarfe, can ya yi ƙara ɗaya mai ƙarfi ya ɗauke. Yaron mota ne ya yi tsalle ya sa dutse a bayan taya, da ba don haka ba da wani labarin ake yi yanzu. Mutane suka fito suka tsaya a gefen dutse cikin rana tsaka, ba inuwa, ba ruwa sai ɗan abin da kowa ya riƙo. Akwai mai goyo a cikinsu. Akwai wani dattijo marar lafiya da 'ya'yansa ke son su kai shi jirgin ƙasa na yamma don ya je asibiti a Yawunde. Jirgin ya tafi ya bar su.

Washegari na shiga motar, tun kafin in taɓa sifana idona ya kai kan allon gaban direba. An yanko baƙin salatif an manne fitilar mai da shi. Na ɓamɓare, na tambayi direban, ya sunkuyar da kai ya ce ta fi wata biyu tana ƙyaftawa, musamman idan mota ta yi zafi tana tsaye, kuma tana damun idonsa da dare. Na leƙa ƙasa na ga filtar mai, sai gabana ya faɗi, domin rubutun hannuna ne a jikinta. Ina da al'ada, duk motar da na yi wa juyen mai, vidanj kamar yadda muke cewa a nan, sai in ɗauki farin fenti in rubuta ranar da kilomita a jikin filtar. Ranar da na gani ta kusa cika shekara. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Ngaundare, tafiyar da ta fi kilomita 250 zuwa kaɗai, wata goma sha ɗaya filta ɗaya ce a jikinta.

Na kwance noti don mai ya zubo, ya ƙi zuba. Sai da na sa sukudireba na huda, sannan wani abu baƙi ƙirin mai kauri kamar kwalta ya fara ɗiga. Da muka sauke kaskon ƙasa, na sa hannu na kwaso ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli kamar wanda ake sharewa a gindin mai wasa wuƙa. Ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe da laka. Metal, wanda wasunmu ke kira kusine, ya narke ya manne da kuranshaf, wurin ya yi shuɗi saboda wuta. Hannun fistin guda ya karye ya fasa cikin inji ya leƙo waje, har ana iya zura yatsu uku ta ramin. Injin da ya kai nan ba ya gyaruwa. Sai dai a nemo wani.

Mai motar wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, ta haɗa abin da ya faɗo mata na gado ta sayi motar don ta riƙe marayu. Ta zo garejin da mayafinta, ta tsaya tana kallon ramin nan, ba ta ce komai ba na ɗan lokaci. Sannan ta juya wajen direban ta ce, "Ɗana, ba na ce ka riƙa yin vidanj daga cikin kuɗin mota ba?" Shi kuma hawaye na zuba ya ce, "Hajiya, duk ranar da na cire kuɗin mai, balas ɗin da nake kawo miki kullum ba ya cika, kuma in bai cika ba ni ake bi bashi." Na dube su duka biyun, na san ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ita ta ɗauka ana yi. Shi kuma yana ta ƙara rabin lita, rabin lita, na kwalba daga bakin hanya, yana cewa mako mai zuwa zai yi juye idan kasuwa ta buɗe. Yanzu ita ba mota, shi ba aiki, yaron motar ma da ke samun na abinci ya koma zaman benci a tasha.

Iyayena, wannan ita ce ta sa ni rubutu, amma ba ita ce ta farko ba. A bakinmu mukan ce "inji ya mutu", kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama. A shekarun da na yi ina buɗe injuna, kaɗan ne ƙwarai na gani da suka mutu ba sanarwa. Inji yana kuka kafin ya kwanta. Yana canza murya, yana canza launin hayaƙi, yana shan mai, yana neman ruwa kullum safe. Wanda ke zaune a kansa awa goma a rana shi ya fi kowa jin wannan kukan.

Bari in tsaya a kan baƙin mai, don nan ne mafi yawan ɓarnar take. Kuranshaf yana juyawa sau dubu biyu zuwa dubu uku a minti ɗaya idan mota na kan hanya, kuma abin da ya raba shi da metal wani ɗan siririn shafin mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba. Muddin famfo na turo mai da ƙarfi, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Man nan kuma shi ke kwashe zafi daga fistin, shi ke wanke toka da dattin ƙuna ya kai wa filta. Idan ya tsufa, sinadaran da aka zuba masa sun ƙare, sai ya koma laka, ya toshe ƙananan hanyoyin da yake bi. Ƙara sabon mai a kan tsoho daidai yake da zuba ruwan rijiya a cikin randar da ba a wanke ba. Ita kuma filta idan ta cika, akwai wata 'yar ƙofa a cikinta da ke buɗewa ta bar mai ya wuce ba tacewa, don kada inji ya bushe. Daga ranar, duk dattin da ke ciki yawo yake yi a jikin metal.

Fitilar nan ja mai hoton buta, da yawa sun ɗauka tana nufin mai ya ragu, a ƙara idan an isa gari na gaba. Ba haka ba ne. Tana nufin ƙarfin turin mai ya faɗi, wato a wannan lokacin da take haske ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Idan ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe inji nan take, ko da Pitowa kake hangowa. Minti kaɗan sun isa su cinye injin da aka tara kuɗinsa shekaru.

A irin hanyarmu da zafinmu, ni ba na yarda motar haya ta wuce kilomita 5,000 ba a juye mata mai da filta ba, kuma littattafan da ke zuwa da irin waɗannan motocin sun rage tazarar juye ga motar da ke aiki cikin ƙura da nauyin kaya. Hiace mai zuwa Marwa ta dawo kullum, tafiyar kilomita 400 da ɗoriya, cikin mako biyu ta cinye wannan. Wanda agogon kilomitarsa ya mutu, kuma da yawa sun mutu, sai ya ƙirga da tafiya. Ku kuma kula da irin man da kuke saya. Na sha ganin man da aka juye daga wata mota, aka tace da tsumma, aka ɗura a galan mai kyau aka sayar da araha. Ku sayi wanda murfinsa ke liƙe, a buɗe shi a gabanku, ku duba lambar da ta dace da injinku, 15W-40 ce ko wata. Araha ba ta ado.

Sai ƙura. Duk wanda ya bi Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri a lokacin hunturu ya san yadda yake sauka, gira da gashin baki sun yi fari. To abin da hancinka ya shaƙa, inji ya shaƙi ninkin-ba-ninkinsa. Kariyarsa ɗaya ce, filtar iska. Na ga direbobi suna ciro ta su buga a jikin taya, na ga masu hura ta da iskar faci har takardar ta yage, na ga wanda ya cire ta ɗungurungum wai don mota ta samu numfashi ta ƙara gudu. Ƙurar nan yashi ce mai laushi. Idan ta shiga silinda ta haɗu da mai, ta zama abin goge ƙarfe, tana cin ringi sannu a hankali. Bayan wata kaɗan sai shuɗin hayaƙi ya fara fita ta salansa, mota ta rasa ƙarfi a hawa, sai a zo mini a ce injin ne ba mai kyau ba tun asali.

Ruwa kuwa, a nan ne nake son direbobi su ba ni kunnensu sosai. Murfin lagireto ƙaramin abu ne, amma dubi samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Wannan matsin da yake riƙewa ne. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfi mai lafiya sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Idan robar murfin ta mutu, ko aka toshe bakin da leda da tsumma kamar yadda nake gani, motar da ya kamata ta haye falez lafiya sai ta tafasa tun a gindinsa. Ga kuma ruwan da ake zubawa: na rijiya, na mayo wato rafi, na kududdufi, duk wanda hannu ya kai. Leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta ka ga farin dutsen da ya kama ta. Haka cikin lagireto yake zama, ga tsatsa a kai. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa yana hana tsatsa, kuma kuɗinsa bai kai na gaskit ɗaya ba.

Idan allurar zafi ta hau ja, abu biyu ne ke kashe inji a hannun direba. Na farko shi ne "bari in lallaɓa in kai gari". Kan silinda na yawancin ƙananan motocin yanzu sanholo ne, zafi na lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai ya koma kamar kunu. Na biyu shi ne a tsaya a buɗe murfi nan take a kwara ruwan sanyi. Ban da ƙunar da na sha gani a fuska da ƙirjin yaran mota, ƙarfen da ya yi zafi haka idan ruwan sanyi ya same shi farat ɗaya, tsagewa yake yi. A tsaya, a ba shi lokaci ya huce, a sha shayi, fasinja su yi ta mita. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba: wani lokaci allura takan hau, can sai ta sauko da kanta, direba ya ce alhamdu lillahi ta huce. Sau da yawa ruwan ne ya tsiyaye gaba ɗaya, abin da ke auna zafin ya rasa ruwan da zai auna. Wannan saukowar ita ce mafi haɗari.

'Yan'uwana direbobi, na san wahalar da kuke sha, na san jami'an hanya, na san ramuka, na san barcin da ba ku samu. Amma akwai abin da ke hannunku ku kaɗai. Mutum ya tayar da mota da asuba a sanyin Ngaundare, kafin mai ya gama zagawa ya hau taka totur yana wum-wum don fasinja su san za a tashi. A wannan 'yan daƙiƙun sama na inji a bushe yake. Wani ya shiga hawa da babbar giya, mota na rawar ɗari tana ƙwanƙwasa, ya ƙi saukowa giya ta biyu wai yana tattalin gazuwal, wato man dizal. Duk wannan dukan a kan metal yake sauka. A gangaren falez kuma wani ya sa mota a furi, wani ma har ya kashe inji, ya dogara da birki kaɗai. Birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, sai ya firgita ya cusa ƙaramar giya mota na gudu, inji ya juya fiye da ƙarfinsa, bawul ya haɗu da fistin. Wannan ma idan an yi sa'a ke nan abin ya tsaya a inji. Ngaundare tana sama da mita 1,000, Garwa ba ta fi mita 250 ba. Duk wannan tazarar a jikin motarka take sauka, kuma giyar da ka hau da ita, da ita ake sauka.

Masu manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Njamena, ku da injinku ke da turbo, kada ku iso da zafinku ku murɗe makulli nan take. Ku bar shi ya yi ɗan minti biyu yana aiki a tsaye, mai ya sanyaya turbon. Da damina kuma idan mayo ya kawo, ku jira. Inji na matse iska, ba ya iya matse ruwa. Kofi ɗaya ya shiga silinda, hannun fistin ya lanƙwashe. Bel ɗin taimin ma, a injunan Hiace masu gazuwal da muka saba da su, a kilomita 100,000 ake canza shi, ba a jira ya tsinke, don ranar da ya tsinke ba ya tafiya shi kaɗai.

Ban manta da tsadar rayuwa ba, kuma ba zan yi kamar ban san inda matsin ya fito ba. A Fabrairun 2023 litar gazuwal ta tashi daga sefa 575 zuwa 720, a Fabrairun 2024 ta koma 828, fetur kuma ya kai 840. A tsakanin nan, a watan Mayun 2023, Nijeriya ta janye tallafin mai, zuwa-zuwa, man fasa-ƙwaurin nan da arewacin Kamaru ya daɗe yana jingina da shi, ya daina zama mai sauƙin da aka sani. Kuɗin mota bai tashi daidai da haka ba, balas kuma bai sauka ba. Direba da aka matse ta kowane gefe, wurin da ba a gani nan yake ragewa, kuma cikin inji ba a gani. Shi ya sa ake sayen man da aka gauraya da kananzir, ko wanda ruwa ya kwanta a gindin jarkarsa, famfo da nozul su lalace. Shi ya sa ake ɗora kayan mota biyu a kan ɗaya. Alhaji mai mota, idan ka ce wa direbanka "kawo mini kaza kullum, sauran matsalarka ce", ka sani kuɗin vidanj ɗin da ba ka fitar ba yana nan yana jiranka, kuma ranar da zai zo, da kuɗin injin okaziyo wato na hannu zai zo, da kuɗin janwe, da makonnin da mota za ta yi a kan dutse ba ta kawo ko dala.

Mu bakanikai ma akwai namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mu ne muka koya wa mutane cire tamostat da zarar mota ta sauko daga Duwala, wai abin ƙasar sanyi ne. Alhali shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kuma a wasu injunan idan ka cire shi, wani kaso na ruwan sai ya riƙa zagayawa a cikin inji bai bi ta lagireto ba, ka ga an gudu ba a tsira ba. A cikinmu akwai mai karɓar kuɗin filta ya wanke tsohuwar da fetur ya mayar. Akwai mai ɗaure kan silinda da ƙarfin damtse ba da sifanar awo ba. Akwai wanda fitila za ta dami direba, maimakon ya auna ƙarfin mai, sai ya cire wayar. Duk wanda ya yi haka ya ci amana, kuma ina roƙon manyanmu na gareji mu tsawata wa junanmu.

Na san abin da za a ce: ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Wanda ya manne fitilar mai da salatif bai ɗaure raƙumarsa ba. Kuma ba dukiyar mai mota kaɗai ke hannunsa ba, akwai rayuka goma sha a bayansa da suka biya kuɗi suka miƙa masa kansu. Mota ta mutu a cikin Garwa, asara ce ta kuɗi. Ta mutu da magariba tsakanin Waza da Dabanga, kowa a cikinku ya san irin addu'ar da fasinja ke yi a wannan wurin.

Ranku ya daɗe shugabanni, ga roƙona. Ku ne kuke da layi a tasha. Ku ne kuke cewa wannan ta yi lodi, waccan ta jira. Bizit teknik, wato binciken lafiyar mota na hukuma, yana duba birki da fitilu da taya, amma takardarsa ba ta gaya wa kowa yaushe aka juye mai. Wannan gurbin ku kaɗai za ku iya cike shi. Ina roƙo kowace motar da ke ɗaukar fasinja a ƙarƙashinku ta kasance da ɗan littafi, ko da na 'yan makaranta ne, a ajiye shi a cikin motar. Duk wanda ya yi juyen mai, ya canza filta, ya canza bel, ya rubuta rana da kilomita ya sa hannu da lambar wayarsa. Direba ya bar mota, littafin ya zauna, wanda ya gaje shi ya san inda aka tsaya. Yanzu mota ɗaya sai ta ga direba uku a shekara, kowanne na zaton na gabansa ya yi. Kafin mota ta shiga layi, mai rubuta sunayen fasinja ya buɗe littafin ya duba, a zaro sandar awon mai a gabansa, a kunna makulli a ga fitilar mai ta kama sannan ta mutu idan inji ya tashi. Bai fi minti uku ba. Wadda lokacinta ya wuce, ta je ta yi ta dawo, layinta na nan.

Abu mafi nauyi shi ne kuɗin. Ku zaunar da masu motoci da direbobi ku yanke magana ɗaya: kuɗin juyen mai da filta na mota ne, ba na aljihun direba ba. A ware shi daga balas tun farko, kullum a ajiye wani abu, a wajen ma'ajin sandika ko wajen wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Ranar da mota ta shiga gareji don vidanj, kada a bi direba balas na ranar. Kuma direban da ya tsayar da mota a hanya don ya ga ja a gabansa, ya kira mai ita ya ce ba zan ƙara taku ɗaya ba, kada a zage shi, kada a karɓe makulli a ba wani. A yau irin wannan direban ne ake kira malalaci, wanda ya lallaɓo ta da ƙwanƙwasa har tasha kuma a ce masa jarumi. Muddin haka ake, kowane direba zai zaɓi salatif.

Sai yaran mota, direbobin gobe. Suna koyon juya sitiyari da kiran fasinja, amma ba wanda ya taɓa buɗe musu inji ya nuna musu abin da ke ciki. Yaro ya san shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuma gazuwal ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ya san ana auna mai a wuri mai daidai, inji a kashe. Ya iya leƙa ƙarƙashin mota da safe ya karanta ɗigon da ta bari a ƙasa. Ni dai na ɗauki alkawari, kuma na yi magana da wasu abokan sana'ata sun amince: duk Juma'a bayan la'asar, idan kun turo mana su, za mu zauna da su awa ɗaya ba tare da karɓar ko sisi ba. Na tabbata a Marwa da Ngaundare da Kuseri ma ba za a rasa masu yi ba idan kuka nema.

Hiace ɗin Hajiya tana nan a garejina a kan duwatsu, ƙura ta rufe gilasanta. Tana ta neman wanda zai ranta mata kuɗin inji, har yanzu ba ta samu ba. Filtar mai rubutun hannuna, da narkakken metal ɗin, da guntun salatif ɗin, na sa su a cikin wani kwano a kan teburina. Ranar taronku na gaba, idan kun ba ni izini, zan zo da kwanon in ajiye a gabanku kowa ya ɗauka ya juya a hannunsa.

Allah ya tsare hanya, ya ba ku ikon riƙe amanar da ke wuyanku. Wassalamu alaikum.

Naku,
wani bakanike a Garwa